Takardar da Malam Bai Juya Ba

Satin da ya wuce aka rushe ajinmu. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince gyaɗa na ji rugugi, na tambayi yara, suka ce ai tsohon ajin ƙasa ne na firamare ake turewa, za a yi na bulo. Ginin ya daɗe da tsagewa, awaki ne ma ke kwana a ciki, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ina ƙaunarsa ba. Amma tun ranar wata magana da na yi shekara da shekaru ina dannewa take ta taso mini, kuma na kai shekarun da in ban faɗe ta yanzu ba, wataƙila da ita za a binne ni.

Garinmu yana tsakanin Kunci da Makoda, kuma a lokacin da nake yarinya ba gari ba ne sosai. Gidaje ne jefi-jefi a cikin gonaki, gona na manne da gona, har bakin zaure ake huɗa. Ba ka taka ƙasar da ba ta da mai ita. Da asuba abin da ke tashin mu shi ne ƙarar guga a rijiya da luguden matan da suka riga kowa kama taɓarya, sai kukan jakuna ana ɗora musu mangalar taki. Kafin in tafi makaranta sai na cika randa biyu, na share tsakar gida, na kai wa tumaki harawa. Ƙararrawar makarantarmu wani tsohon bakin garma ne da aka rataya a darbejiya, in aka buga shi har gonarmu ta gabas ana ji. Yanzu ƙarar babura da wayoyi ta cinye komai, injin niƙa ya kashe lugude, yara ma ba su san muryar turmin gidansu ba. Mu kuwa daga nesa muna gane dakan Inna da na maƙwabta.

Malamin da ya koyar da mu a shekaru ukunmu na ƙarshe, wanda kuma shi ke riƙe da makarantar gaba ɗaya, muna ce masa Malam Dogo. Allah ya ji ƙansa, don ya riga mu gidan gaskiya, kuma wannan addu'ar ba na ƙyashin yi masa ita. Ba shi da takardar horon malanta. Ya yi allo ya sauke, ya ɗan taɓa boko, da aka rasa malamai sai aka ɗauke shi. Amma ban taɓa ganin wanda ya iya gane abin da ke cikin kan yaro kamarsa ba. Ba ya yarda da jarrabawa ita kaɗai. Yakan ce mana, "Ni ba na yanke wa yaro hukunci da shaida ɗaya. Ko alƙali sai ya ji bakin mutum biyu, balle ni." Sai ya duba littafin aikinka. Sai ya zaunar da kai a gindin darbejiya ya tambaye ka da baki, don ya san akwai mai sani amma hannunsa na rawa. Sai ya kai mu gonar makaranta ya ce a ƙirga gyaɗar da ke kunya ɗaya, a faɗa masa nawa ke cikin kunya ashirin ba tare da an sake ƙirgawa ba. In wasiƙa ta zo wa wani tsoho daga ɗansa da ke birni, ɗayanmu yake turawa ya karanta, washegari ya bi tsohon har zaure ya tambaye shi, "Baba, yaya karatun yarinyar nan? Ka fahimci saƙon, ko ta yi ta in-ina?" Har iyayenmu mata yana aika wa da tambaya, ko wance ta iya raba mudu bakwai gida uku. Duk abin da ya gani ko ya ji, sai ya rubuta a wani baƙin littafi da ba ya rabuwa da shi. Da ajami yake rubutawa, don ya ce hannunsa ya fi sauri a nan.

Ina kallon jikokina yanzu in sun kawo katin sakamako. Layi-layi ne, gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, aikin gida, jarrabawa, kowane da gidansa. Wai an ce an gyara ne, kada a auna yaro da abu ɗaya. To, madalla. Amma na tambayi ƙaramar, mai surutun nan, "Malaminku ya san ƙofar gidan nan?" Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ko sunana sai ya duba rajista." Gwajin na ɗaya takarda, na biyu takarda, aikin gidan ma yayanta ne ya yi mata a waya. Shaida ɗaya ce aka sa mata riga huɗu. Ba na ganin laifin malaman sosai, yara sun fi ƙarfin aji, mutum ɗaya ba zai bi gida-gida ba. Ina faɗa ne don a san cewa abin da ake ta nema yau da layuka, mu mun gan shi da idonmu a hannun mutum ɗaya, kuma shi ya sa abin da ya yi mini ya fi ciwo.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a. Babana ne ya fara koya mini karatu a zaurenmu tun kafin in san akwai boko, kuma duk littafin da na taɓa riƙewa a gidanmu daga dama ake buɗe shi. Da aka sa ni firamare na koyi rubutu daga hagu zuwa dama kamar kowa, ban sha wahala ba. Amma buɗe littafi, hannuna ya ƙi. In aka ba ni sabon littafin rubutu sai in juya shi in fara daga shafin ƙarshe, in yi ta tahowa gaba. Malam Dogo ya gani tun farko, abin ya ba shi dariya. Ya sa mini suna Balarabiya. In zai duba aikin aji, da ya zo kan nawa sai ya juya shi da kansa yana cewa, "To, bari mu shiga ta ƙofar baya, Balarabiya ba ta karɓar baƙi ta gaba." 'Yan aji su yi ta dariya, ni ma in yi. Shekara uku yana juya littafina, bai taɓa ce mini in daina ba. Ni kuma na ɗauka kowa a duniya ya san littafi yana da ƙofa biyu.

Ba yabon kai ba, a ajin nan babu mai ja da ni. Ni ake turawa wasiƙu masu wuya, irin waɗanda ɗan ya cusa Turanci don a san ya waye. Ni Malam ke bar wa 'yan aji ɗaya in zai je jana'iza. Wata rana a gabana ya ce wa Babana, "Malam, wannan yarinyar malama ce, Allah ya riga ya yi ta. Saura takarda kawai." Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Da labari ya zo cewa za a zo daga ofishin ilimi a zaɓi yara biyu, mace da namiji, a kai su makarantar kwana inda ake horar da malamai, shi ya zo da ƙafarsa ya roƙi Baba. Baba ya yi kwana uku yana nazari, sannan ya kira ni ya ce, "In kin ci, na yarda. In ba ki ci ba, kada in sake jin maganar." Inna har ta fara ware mini zannuwa biyu a ƙasan adudu. Ni a raina na riga na ga kaina da alli a hannu.

Ranar da sufeton ya zo, bazara ce, zafi tun hantsi. Ya zo a babur da jakar fata, mutum ne mai tsabta da saurin magana, kuma yana ta duba agogo don akwai wasu garuruwan da zai je kafin la'asar. Ya shigo ajinmu muka miƙe muka gaishe shi. Bai ce mu zauna ba, idonsa na kan allon bango. Malam Dogo yana da al'adar rubuta ma'anar kalmomin Turanci masu wuya da ajami a gefen allo don mu yi saurin kamawa, kuma ranar ya manta bai goge ba.

"Malam, mene ne wannan?" in ji sufeton.

"Ranka ya daɗe, don su gane ne."

"Makarantar allo aka ba ka ko ta boko? Irinku marasa takarda ku ke ja mana baya. Ka ji ni da kyau, in na sake ganin ɓurɓushin wannan abin a makarantar nan, ko a allo ko a littafin yaro, ka koma ka kama fartanya."

A gabanmu ya faɗa, bai ko sassauta murya ba. Malam Dogo, mutumin da ko dagaci ke miƙe masa, ya sa hannun rigarsa ya goge allon da kansa. Ban taɓa ganin babba ya ƙanƙance haka ba, har na sunkuyar da kai don kunya.

Aka raba mana takardun amsa, ɗinkakku kamar ƙaramin littafi, masu shafuka da yawa. Sufeton ya ce kowa ya rubuta sunansa a bangon gaba. Na rubuta. Sannan na juya ta baya na fara, ko tunani ban yi ba, kamar yadda mutum ke sa hannun dama a tuwo. Tambayoyin ba su ba ni tsoro ba. Lissafin bai kai na gonar makaranta wuya ba, insha'in kuma cewa aka yi a rubuta wasiƙa, ni da na karanta wasiƙun rabin gari. Na cika shafi huɗu, na duba sau biyu, na miƙa. Na fito ina jin yunwa da daɗi.

A nan take sufeton ya zauna dubawa, a ɗan ɗakin da Malam ke ce wa ofis. Ni aka aika in kai wa baƙo ruwa, don ni ce babba a mata. Na ɗebo a randar maƙwabta cikin kwanon sha, na yi sallama, na durƙusa daga bakin ƙofa ina jira a karɓa. Takardata ce a hannunsa, na gane sunana a bango. Ya buɗe shafin farko, fari fat. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Ya ɗaga kai.

"Wannan ba ita ce ka gama yaba mini ɗazu ba? Suna kawai ta rubuta."

Na gane abin da ya faru nan take, kuma wallahi ban ji tsoro ba. Dariya ma ta so kama ni. Na dubi Malam ina jiran ya miƙa hannu ya juya takardar kamar yadda ya saba, ya yi barkwancin nan nasa na ƙofar baya. Idonsa ya haɗu da nawa. Ya san abin da nake jira. Sai ya kawar da kai.

"Wataƙila tsoro ne ya kama ta, ranka ya daɗe," in ji shi.

Sufeton, a yi masa adalci, bai rufe maganar nan da nan ba. Ya ce, "To, akwai gurbin shaidar malami a fom ɗin nan. In kana da wani abu a rubuce a kanta, aikinta na baya ko wani bayani, kawo in gani. Ba na son in zalunci yarinya."

Baƙin littafin yana ƙarƙashin gwiwar hannun Malam, ina ganin gefensa. Shekara uku na rayuwata suna ciki, da kunyoyin gyaɗa, da wasiƙun tsofaffi, da ranakun da na riƙe masa aji. Littattafan aikina suna cikin akwatin da ke bayansa. Amma baƙin littafin ajami ne daga farko har ƙarshe, nawa kuma duk daga baya suka fara, kuma shi ya yi ta sa musu hannu. Kowace shaidar da za ta cece ni, shi za ta kama. Na ga ya ƙara danne littafin da hannu.

"Babu, ranka ya daɗe. Abin da takarda ta nuna, shi ke nan."

Sufeton ya zana sifili da jan biro, ya ajiye ta gefe, ya miƙo hannu ya karɓi ruwan ya sha, har ya ce mini sannu, bai san ni ce ba. Na san masu jin labarin nan za su tambaye ni me ya hana ni magana. Masu tambayar 'yan zamani ne. A lokacinmu yarinya ba ta buɗe baki a gaban manya biyu ta ce malaminta ya yi ƙarya. Na karɓi kwanon na fita da baya.

A gida na faɗa wa Inna ina kuka, Inna ta faɗa wa Baba. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mutumin da ya zo har zauren nan ya roƙa miki, shi ne zai kayar da ke? Ki ji tsoron Allah. Kin faɗi, ki ce kin faɗi." Ban ga laifin Baba ba. Duk garin nan an san Malam Dogo ba ya yanke hukunci da ka, kuma wannan sunan nasa mai kyau shi ya rufe mini baki. Wa zai yarda da ni? Aka ɗauki wata ƙawata, yarinyar kirki, ta je ta yi karatu ta zama shugabar makaranta, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Inna ta mayar da zannuwan cikin kayanta. Sauran watannin da suka rage na ci gaba da zuwa aji. Malam bai sake kira na Balarabiya ba, bai sake tura ni karanta wasiƙa ba, in zai miƙo mini littafina sai ya kalli bango. Ni kuma daga ranar na koyi buɗe littafi ta gaba, ba wanda ya koya mini.

Ban lalace ba, kada a ɗauka kuka nake da rayuwata. Na yi aure a garin nan da wanda nake so, na haifi 'ya'ya, na yi sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli har sunana ya kai kasuwannin da ban taɓa zuwa ba. Matan unguwa sun yi shekaru suna kawo mini takardar asibiti in karanta musu. Amma duk sanda na ji an buga garmar nan ina tsaye a kan tukunyar tuya, sai ranar nan ta dawo mini sabuwa. Ba jarrabawar ce ta ci amanata ba. Takarda ba ta san ni ba, sufeton ma bai san ni ba, har ya nemi a nuna masa ni. Wanda ya san ni ta ko'ina, ya auna ni a gona da zaure da aji, ya koya mana cewa zalunci ne a yanke wa yaro hukunci da shaida ɗaya, shi ne ya zauna a kan shaidu goma ya ce babu. Na san yana da iyali, na san tsoron rasa aiki ba wasa ba ne. Na yi masa wannan uzurin sau dubu, bai taɓa shiga zuciyata ba.

Ina da jikoki biyu lokacin da Malam Dogo ya samu kujerar Makka. Kamar yadda ake yi, ya bi gida-gida yana neman gafarar mutane kafin ya tashi. Wata ranar da hantsi ina ɓarar gyaɗa aka ce ana sallama da ni a zaure. Na yafa mayafi na fita, na same shi a tsaye da sanda, ya rankwafa, tsawon nan duk ya tafi. Muka gaisa. Ya ce, "To, tafiya ta zo. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Amsar a bakin kowa take, ko yaro ya san ta: na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har ta zo kan harshena. Sai na ji kaina ina cewa, "Malam, tambaya ɗaya. Na ci ko ban ci ba?"

Bai ce wace jarrabawa ba. Bai yi kamar ya manta ba. Ya ce, "Sufeton ya bar mini takardun waɗanda suka faɗi, ya ce in ƙona. Da ya tafi na juya taki na duba da kaina. Lissafi ɗaya kika kuskure. Babu wanda ya kamo ƙafarki, har namijin."

"A ranar ka sani?"

"A ranar. Kafin ƙurar babur ɗinsa ta kwanta."

"Ka faɗa wa Babana kafin ya rasu?"

Ya girgiza kai.

Na ɗauka in na ji wannan maganar zan samu sanyi. Ban samu ba. Babana ya shiga kabari yana ganin na faɗi jarrabawa na ɗora wa malamina ƙarya, mutumin nan kuwa yana sahun gaba a jana'izarsa.

Na ce, "Allah ya kai ka lafiya, Malam, ya dawo da kai lafiya."

Ya ce amin. Ya ci gaba da tsayuwa, ya jingina da sandarsa, yana jiran sauran maganar. Na bar shi a zauren na koma ciki na ci gaba da ɓarar gyaɗata.